Iyayenmu Mata: Tarihin da Ba a Rubuta Ba

Duk wanda ya zauna a aji ya san Rano na cikin Hausa Bakwai, kuma ita da Kano ake kira sarakunan baba. Littattafan tarihi sun ambaci Autan Bawo, sun ambaci hare-haren Ningawa a ƙarni na 19, amma ba su ambaci wadda ta kaɗa zaren da aka kai marina ba.

Mu da muka tashi a ƙauyukan Rano da Kibiya mun ga wannan tarihi da idanunmu. Kakarmu, Allah ya jiƙanta, da mazari da alli take wuni. Ita ce ungozomar unguwa: ta yanke cibi, ta dafa ruwan jego, ta dama kunun kanwa, in lokacin yaye ya yi a kai mata yaro. A farin 1973, sa'ad da rumbuna suka ƙare, tafasa da rama ta riƙa kwaɗawa, ta ce ta ƙoshi domin mu ci. Da aka soma shirin UPE a 1976, kuɗin ƙuliƙuli da daddawarta ne suka saya wa ƙannenmu littattafai.

Ya ku 'yan'uwa mazauna Kano, Kaduna, Legas da Abuja, irinta suna nan da rai a gida, ido ya raunana, ƙafa ta yi nauyi. Aiken goron Sallah bai wadatar ba. Mu zo mu zauna da su, mu rubuta abin da suka sani tun ƙasa ba ta rufe musu ido ba. Waɗanda suka riga mu, Allah ya saka musu da Aljanna Firdausi, amin.