Basfa: Yadda ake kula da tsohon babur ɗin Italiya a ƙasar ƙura

Vespa, wadda Hausawa ke kira Basfa, babur ce ƙirar kamfanin Piaggio da ke garin Pontedera a ƙasar Italiya. An yi rajistar ƙirarta a ranar 23 ga Afrilu, 1946, kuma wanda ya zana ta, Corradino D'Ascanio, injiniyan jiragen sama ne da ba ya ƙaunar baburan zamaninsa saboda yadda suke ɓata wa mahayi tufafi. Don haka ya ɓoye injin a gefen tayar baya, ya kawar da sarƙa, ya sa garkuwar ƙarfe a gaban ƙafafu. Ma'anar sunan da Italiyanci ita ce zanzaro, kuma duk wanda ya dubi siririn ƙugunta da faɗin bayanta zai gane dalili.

Wannan ƙira ce ta sa ta samu karɓuwa a ƙasar Hausa. Mai babbar riga na iya hawa ba tare da ɗaga ƙafa ba, ba kuma tare da fargabar sarƙa ta kama masa gefen riga ba. Malaman makaranta da ma'aikatan En'e da 'yan kasuwa sun saye ta sosai, musamman bayan ƙarin albashin Udoji na 1974. A garuruwa irin su Mashi, da ke kan hanyar Katsina zuwa Daura, har yanzu akan ci karo da dattijon da ke hawan wadda ya saya tun yana saurayi, ko matashin da ya gaji ta mahaifinsa.

Abin da ke barazana gare ta a yau shi ne ƙarancin masu gyara. Tun da baburan China da na Indiya irin su Jincheng da Bajaj Boxer suka mamaye hanya, yawancin yaran da ke koyon kanikanci a kan injin mai bugu huɗu suke tasowa, alhali tsohuwar Basfa mai bugu biyu ce. Dabarar da ke raya wancan tana iya kashe wannan.

Ire-irenta

Piaggio ya fitar da samfurin tsere na GS 150 a 1955, mai giya huɗu da gudun da ya kai kilomita 100 a sa'a. Daga baya Sprint da Super suka fito a 1965, Rally 200 a 1972, sai jerin PX a 1977. Kafin a sayi kowane kayan gyara, ya kamata a duba haruffan da ke farkon lambar jikin babur: VBC1T na nufin Super 150, VLB1T Sprint 150, VLX1T kuma PX 150. Fenti da fitilu kan yaudari mutum, domin da wuya a samu wadda ba a yi mata sauye-sauye ba a cikin shekara arba'in.

Mai da gauraya

Injin mai bugu biyu ba shi da ma'ajiyar baƙin mai a ƙasansa. Man da ke shafe fistin da karanshaf yana shiga ne tare da fetur, ya ƙone tare da shi. A Super da Sprint, ƙa'idar kamfani ita ce kashi 2 cikin 100, wato mililita 20 na man 2T a kowace litar fetur, ko 100 a lita biyar. Tsofaffin samfura irin su GS suna buƙatar fiye da haka. Wasu PX suna da tankin mai na dabam da famfon da ke gauraya da kansa, kuma a nan aikin mai babur shi ne ya tabbata tankin bai ƙafe ba.

Kuskure iri biyu ake yawan yi. Na farko shi ne rage mai don tsimi, abin da tsadar fetur tun bayan cire tallafi a watan Mayun 2023 ke ingiza mutane gare shi. Ribar ba ta kai ta kawo ba, domin kuɗin fistin da gyaran silinda sun ninka na man wata da watanni. Na biyu shi ne zuba baƙin man mota, ko ma wanda aka juye daga wani injin, a madadin 2T. Irin wannan ba ya ƙonewa sarai, yana barin baƙin gawayi a kan fistin, ya maƙale zobba, ya toshe salansa. Zuba mai fiye da kima ma ba alheri ba ne, don fulogi ne zai yi ta mutuwa. Awo da ido a bakin hanya shi ne tushen yawancin matsalolin, kuma ƙaramin kofi mai alamar mililita ya isa ya raba gardama.

Fetur ɗin galan na bakin titi yana da nasa haɗarin. Idan an surka shi da kananzir, injin kan yi ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, ya ɗau zafi, har saman fistin ya iya hujewa.

Akwatin giya yana da nasa mai dabam, kimanin rubu'in lita na SAE 30. Ana zubawa ta ramin da aka rubuta OLIO a kan notinsa, babur na tsaye daidai, har sai man ya fara dawowa. Man giyar mota mai kauri bai dace ba, domin faifan kuloci a cikin wannan man suke wanka.

Ƙura da zafi

A nan ne yanayin arewacin Katsina ke shigowa. Ƙasar Mashi rairayi ce, hunturu na kawo ƙura daga Nuwamba zuwa Fabrairu, zafin bazara kuma kan haura digiri 40 a watan Afrilu. Littattafan kamfani an rubuta su ne da titunan Turai a zuci, saboda haka tazarar da suka bayar tsakanin sabis da sabis ta yi tsawo a nan.

Kafireta, wadda galibi ƙirar Dell'Orto ce, tana zaune a cikin akwati a saman injin, da matatar iska a kanta. Akwai wata roba mai lanƙwasa da ke haɗa akwatin da jikin babur, ta inda iska mai ɗan tsabta ke zuwa daga ƙarƙashin kujera. Idan robar ta tsage, ko aka yar da murfin akwatin, injin zai riƙa shaƙar yashin da tayar baya ke tayarwa. Illar ta fi ta sauran babura muni, saboda a Basfa gefen karanshaf ne da kansa ke buɗe ƙofar shigar mai yana rufewa, yana wucewa dab da wani sumul ɗin wuri a jikin kaskon injin. Da zarar yashi ya kankare wurin, babur zai riƙa tofar da mai ta kafireta, ya yi wuyar tashi, kuma sauya fistin sau goma ba zai warkar da shi ba. Sai dai walda da gogewa a hannun gwani, ko a nemo wani kaskon. Wanke matatar da fetur duk mako biyu a lokacin hunturu ya fi wannan sauƙi nesa ba kusa ba.

Wajen wanke kafireta, iska ake hurawa a cikin jet, ba a zura waya, don waya na faɗaɗa ramin. Notuna biyun da ke riƙe da ita kuma a ɗaure su bi da bi, a hankali, domin ɗaurin ƙarfi na lanƙwasa gindinta ta fara yoyo.

Sanyaya injin aikin fankar da ke jikin magineto ne, wadda ke tura iska ta cikin wata hula da ta lulluɓe silinda. Wasu kan cire hular da zaton injin zai fi shan iska. Akasin haka ne ke faruwa, don iskar fankar watsewa take yi ba ta ratsa haƙarƙarin silindar ba. Idan injin ya ɗaure ana cikin gudu, tayar baya kan cije nan take, kuma abin da ke ceton mahayi shi ne ya damƙe kuloci ba tare da jinkiri ba. Shi ya sa tsofaffin mahaya ba sa raba yatsunsu da shi a doguwar tafiya.

Abin da fulogi ke faɗa

Tazarar bakin fulogi milimita 0.6 ce. Launin ƙasa-ƙasa alamar lafiya ce. Baƙi mai danshi na nuna mai ya yi yawa ko wuta ta yi rauni. Fari fat shi ne abin tsoro, domin yana nufin iska ta rinjayi fetur, injin na gab da ɗaurewa. A kula da tsawon zaren fulogin: masu 125 da 150 gajere suke ɗauka, masu 200 dogo, kuma dogo a gurbin gajere na iya dukan fistin.

Tsofaffin samfura suna amfani da kwantak da kwandansa, tazarar kwantak ɗin tsakanin milimita 0.3 da 0.5. Akwai abin zaro magineto na musamman, kuma bugunsa da guduma na lanƙwasa karanshaf, ya raunana maganaɗisun.

Robobin tare mai guda biyu da ke gefen karanshaf suna da alamominsu. Idan na ɓangaren kuloci ya mutu, injin zai riƙa zuƙar man giya, hayaƙi ya yi fari da kauri, man akwatin ya riƙa raguwa yana warin fetur. Idan na ɓangaren magineto ne, babur zai riƙa ƙara wuta da kansa ko an saki totur.

Giya da tayoyi

Wayoyi biyu ne ke sauya giya daga hannun hagu, ɗaya na ja ɗaya na saki. Idan lambar da ke hannu ba ta dace da giyar da aka shiga ba, saiti ne kawai. Amma idan giya na fita da kanta ana cikin tafiya, mafi yawa wani ƙaramin ƙarfe ne mai ƙafa huɗu a cikin akwatin ya cinye. Shi kansa ba shi da tsada, kuma an yi shi ne ya riga haƙoran giya lalacewa. Wanda ya yi ta lallaɓawa da shi haka, haƙoran zai ci, kuɗin gyara ya ninku.

Ƙarfen taya gida biyu ne da aka haɗa da notuna, inci 8 a Super, inci 10 a Sprint da PX. Wajibi ne a sace iskar gaba ɗaya kafin a kwance notunan da suka haɗa gidajen, in ba haka ba ƙarfen na iya fallewa ya raunata mai faci. Ya kamata mai babur ya faɗa wa yaron da bai saba da ita ba.

Jikin Basfa shi ne ƙashin bayanta, ba ta da wani firam a ciki. Tsatsar da ruwan damina ke haifarwa a ƙarƙashin shimfiɗar ƙafa tana raunana babur ɗin duka, don haka a ɗaga robar a duba bayan kowace damina.

Kayan gyara

Piaggio ya daina ƙera PX saboda dokokin hayaƙi na Turai, amma kayanta ba su yanke ba, albarkacin Indiya. Bajaj Chetak, da ta fito a 1972, daga Sprint aka samo ta, kamfanin LML kuma ya daɗe yana ƙera irin PX. Da yawa daga kayansu suna shiga, ko da yake ba duka ba, kuma ingancinsu hawa-hawa ne. Mai gyara a Mashi ko Daura yakan nema a Katsina, in ba a samu ba a aika Kano, wani lokaci har kasuwar Nnewi a Jihar Anambra. Mafi aminci shi ne a aika da tsohon ƙarfen a gwada da sabon, domin suna ɗaya kan hau kan abubuwa biyu da suka bambanta da milimita guda. Basfar da ta mutu a zaure ma ba ta kamata a sayar wa 'yan gwangwan a kan kilo ba, don kaskon injinta da haƙoran giyarta na asali sun fi yawancin sababbin da ke kasuwa ƙarko.