Hawan jini da motsa jiki: abin da ya kamata iyayenmu mata su sani

Hawan jini, wanda aka fi sani da tansiyo a nan Tahoua, shi ne jini ya riƙa bugun jijiyoyi da ƙarfin da ya wuce ƙima, kuma ya dawwama a haka. A likita ana faɗin awon da lamba biyu. Idan an auna a ranaku biyu dabam aka samu 14/9 ko fiye, to, hawan jini ke nan. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, na 2023 ya ce babba ɗaya cikin uku a duniya yana da shi, kuma kusan rabinsu ba su sani ba, don sau da yawa ba ya ciwo. Sai ya gajiyar da zuciya, ko ya taɓa ƙoda, ko ya kawo shanyewar ɓarin jiki, sannan a gane.

Me ya sa tsofaffin mata?

Idan al'ada ta ɗauke wa mace, sinadarin jikinta da ke taimakon jijiyoyi su yi laushi yana raguwa, jijiyoyin su yi tauri, awo ya hau. Wadda ta taɓa samun hawan jini lokacin da take da ciki, haɗarinta ya fi na sauran.

Akwai kuma sauyin zama. Matan Adar ba baƙin aiki ba ne. Da aka fara aikin farfaɗo da ƙasa na Keita a 1984, mata ne suka fi yawa wajen ɗaukar duwatsu da haƙar ramuka, maza da yawa sun tafi biɗa. Ƴan matan wancan lokaci su ne kakanni yau. Amma a cikin gari, da zarar an yi surukai da jikoki, sai a ce "Inna, ki huta". Inji ya karɓi daka, famfo ya karɓi rijiya, ɗan kabu-kabu ya karɓi tafiyar kasuwa. Girmamawa ce, amma wunin tabarma ba ya yi wa zuciya daɗi.

Abin da motsa jiki ke yi

Zuciya tsoka ce. In tana samun aiki daidai gwargwado a kai a kai, tana tura jini ba da wahala ba, jijiyoyi su saki. Ga mai hawan jini, tafiya da sauri-sauri kullum kan rage lambar sama da kamar rabin maki ko ɗan fiye, wato 15 ta sauko wajen 14 da rabi. Ana ganin haka bayan ƴan makonni, kuma in an bari, awo ya koma inda ya fito. Tana kuma taimaka wa sukari, nauyin jiki da barci.

Nawa ya isa?

Ƙa'idar OMS ta 2020 ga masu shekara 65 zuwa sama ita ce minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici. Minti 30 a rana, kwana biyar, ya cika 150. Ana iya raba shi: goma da safe, goma da la'asar, goma bayan magariba. Matsakaici shi ne numfashi ya ɗan ƙaru, amma kina iya magana da abokiyar tafiya. In magana ta gagara, ki sassauta.

A ƙara da ƙarfafa tsoka kwana biyu a mako, da horon tsayuwa da kyau kwana uku don gudun faɗuwa. Ba sai da kayan aiki ba: tashi daga kujera a zauna sau goma, tura bango da hannu biyu, tsayuwa da ƙafa ɗaya ana dafe da bango.

A ƙauyukan Kalfou, Barmou ko Afala, wadda har yanzu take zuwa itace da rijiya ta riga ta cika minti nata. Abin da za ta kiyaye shi ne kaya mai nauyi sosai da riƙe numfashi wajen ɗagawa, don wannan yana harba awo sama nan take.

Rana da ƙura

A watan Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40. A fita bayan sallar asuba ko dab da faɗuwar rana, da ruwa a hannu. Masu shan maganin da ke sa fitsari su fi kula, don jiri na iya kama su. Lokacin hunturu a rufe hanci da mayafi, in ƙura ta yi yawa a zagaya cikin gida. Rairayi mai zurfi yana gajiyar da gwiwa, a biɗi hanya mai tauri da takalmi mai riƙe ƙafa. A watan azumi, bayan buɗa baki ya fi.

Yaushe za a dakata?

Kafin farawa a je CSI mafi kusa a auna. In awo ya kai 18/11, ba a motsa jiki sai ma'aikacin lafiya ya daidaita shi. A tsaya nan take in an ji ciwon ƙirji, numfashi ya sarƙe, jiri, ko bugun zuciya ya rikice. In baki ya karkace, magana ta laƙe, ko hannu ɗaya ya mutu, kar a jira safiya, kar a tsaya jiƙe-jiƙe: a nufi likita, a cikin gari babban asibitin jiha, CHR.

Magani da gishiri

Tafiya ba ta maye gurbin magani. Wadda aka rubuta wa ƙwaya ta ci gaba da sha ko ta ji garau. Gishiri kuma kar ya wuce giram 5 a wuni, wato ƙasa da ƙaramin cokalin shayi, kuma dunƙulen miya da kanwa suna cikin lissafi.

Ga ƴaƴa da surukai: a raka Inna tafiya, a bar mata sharar tsakar gida da zuwa barka da ƙafa in wurin bai yi nisa ba, a kuma rubuta awonta a ɗan littafi duk lokacin da aka auna, a nuna wa ma'aikacin lafiya.