Shanyewar ɓarin jiki: me gashin lantarki ke yi?

Jama'ar Madarumfa, da ƴan uwa na ƙetare masu niyyar aiko na'ura gida: idan jijiyar jini ta toshe ko ta fashe a ƙwaƙwalwa, saƙo kan daina isa hannu da ƙafa. Masu gashi a asibiti, wato kine, sukan manna ƴan faifai a fata su saki lantarki kaɗan, tsoka ta motsa. Akwai kuma ta maganaɗisu da ake ɗorawa bisa kai, ba tiyata. A Ingila aka fara nuna ta, a 1985.

Amma fa na'ura taimako ce kawai, sai maras lafiya na motsa gaɓar kullum. Mai farfaɗiya ko mai batirin zuciya, kada a sa masa sai likita ya duba.