Tushen Marsiyya: Daga Hansa'u Zuwa Tambuwal

Marsiyya, watau waƙar makoki, tana daga cikin tsofaffin rassan waƙar Larabci. A zamanin Jahiliyya mawaƙi kan yi kukan mamaci, ya lasafta jaruntakarsa da yawan kyautarsa, sa'an nan ya zuga dangi su ɗauki fansa. Hansa'u, wadda ta yi shekaru tana kukan ɗan'uwanta Sahru, ita ce ta zama abin koyi a wannan fage.

Zuwan Musulunci ya buɗe wa mawaƙa wata sabuwar mashaya. Hassanu bin Sabit ya yi makokin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a shekarar 632. Abu Zu'aibi Alhuzali kuwa, da annoba ta ɗauke 'ya'yansa, sai ya karkata ga zancen ajali wanda ba ya da makawa. Daga baya har birane aka yi wa marsiyya, kamar yadda Ibnu Rumi ya yi wa Basra bayan rushe ta a 871.

Wannan gado ya iso ƙasar Hausa ta hanyar karatun zaure, inda ake nazarin waƙoƙin Jahiliyya don sanin lugga. Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a Gwandu a 1829, ya sha daga wannan tafki. A cikin Tazyinul Waraƙati, wanda ya tattara a 1813, ya yi juyayin malamansa da abokansa da suka yi shahada a yaƙoƙin jihadi. Muhammadu Buhari ɗan Shehu, wanda ya zauna ribaɗi a Tambuwal, shi ma sha'iri ne cikin Larabci, kuma da ya rasu, 'yar'uwarsa Nana Asma'u ta yi masa marsiyya da Fulatanci. Ashe ga 'yar'uwa tana kukan ɗan'uwa, kamar Hansa'u!

Amma wanda ya ɗauka kwaikwayo ne kurum, ya yi kuskure. Malaman Sakkwato sun ari karin waƙa da kalmomi daga magabata, amma ma'aunin yabo nasu ne. Maimakon takobi da fansa, ilmi da taƙawa da adalci suke ambata, su rufe da addu'a. Saboda haka marsiyyarsu wa'azi ce ga rayayyu, musamman magada waɗanda aka bar wa amanar jama'a.