Riƙon Ɗalibi a Ƙasar Gumel: Daga Tsangaya Zuwa Makarantar Boko

Sau da yawa akan yi zancen taimakon da jama'ar gari ke yi wa 'yan makaranta kamar wani baƙon abu ne da Turawa suka kawo. Nufin wannan takarda shi ne a nuna cewa a ƙasar Gumel, watau Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, al'adar ta girmi makarantar boko nesa ba kusa ba, sa'an nan a bi sawunta a ga inda ta yi ƙarfi, da inda ta raunana, da abin da ya jawo haka.

Mangawa ne suka kafa sarautar Gumel wajen 1750, ta kuwa zauna ƙarƙashin Barno, jihadin 1804 bai shigar da ita daular Sakkwato ba. A 1845 aka taso daga Tumbi, wadda yanzu take cikin Nijar, aka zauna Gumel. Wannan dangantaka da Barno ita ce abin lura a nan, domin Barno ce matattarar mahaddata Alƙur'ani, har ya zama in Bahaushe ya ce wane ya tafi gabas, kowa ya san karatu ya tafi nema. Ƙasar Gumel tana bisa wannan hanya, tsarin tsangaya kuwa ya kafu a cikinta.

A tsangaya yaro yakan shiga yana ƙolo, ya zama titibiri, sa'an nan gardi, in Allah ya nufa ya kai alaramma ko gwani. To, da yake kowane yaro da allonsa, kowa kuma da inda ya tsaya, malam ɗaya ba shi da ikon biya wa kowa. Saboda haka akan danƙa ƙolo ga gardi. Gardin ne ke rubuta masa allo, ya biya masa, ya saurari tilawarsa gaban wutar kara, ya kuma shaida wa malam in ya isa wanke allo a yi masa ƙari. Shi ma gardin ba hasara ya yi ba, gama wanda ya biya wa wani, nasa karatun ya ɗaure. Cikin gari kuma almajiri yakan sami uwar ɗaki wadda ke ajiye masa kwanonsa, shi kuwa ya ɗebo mata ruwa, wanda ba ƙaramin aiki ba ne a ƙasar da rijiyoyinta ke da zurfi. Magidanta su kai wa malam dami da kaka, iyaye su ba da kuɗin Laraba, ran sauka kuwa gari ya taru ya shaida.

Ke nan murhun yana da duwatsu uku: babba mai duba karatun yaro, da gida mai ciyar da shi, da gari mai shaidar ƙoƙarinsa. Har lokutan karatun ma sun bi zaman mutane. Da damina a yi noma, bayan kaka a duƙufa ga allo, ran Alhamis kuwa ba karatu, ita ce kuma ranar da babbar kasuwar Maigatari ke ci.

Boko ta wata ƙofa ta shigo. A 1903 Sarkin Gumel Ahmadu ya karɓi mulkin Turawa, aka sa ƙasar cikin Lardin Kano. A 1909 Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nasarawa, daga baya makarantun elementare suka bazu a hannun En'e. Hakimai da dagatai ne aka ɗora wa nemo yara, iyaye da yawa kuwa suna ɓoye nasu. Abin da aka karɓa da umurni ba a cika yi masa hidima da son rai ba, don haka da fari gari bai ɗauki makarantar tasa ba ce.

Amma tsohuwar al'ada ba ta rasa hanya ba. Yaron ƙauye da aka kawo makaranta cikin gari sai ya sauka gidan dangi, ko gidan abokin ubansa, ko ma gidan malaminsa, ya zama ɗan riƙo, ana ci da shi, ana duba littafinsa. Wanda ya ci jarrabawa ya wuce Midil ta Kano, tafiyar da ta yi sauƙi bayan hanyar jirgin ƙasa ta bi ta Gagarawa ta isa Nguru a 1930, a can ma cikin makarantar kwana babban ɗalibi yakan riƙi ƙarami, musamman ɗan ƙasarsu. Muddin 'yan makaranta ba su da yawa, kowane yaro yana da wanda ya san shi.

Shekarar 1976 ce ta sāke al'amarin. A cikinta aka fara shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, a cikinta kuma aka kafa babbar makarantar horon malamai ta Gumel, wadda daga baya ta zama Kwalejin Ilmi ta Jihar Jigawa. Alherin shirin ba ya musuwa, amma ya tone wani rauni da ke cikin ginin aji na boko. Tsangaya tana cakuɗa manya da ƙanana, aji kuwa sa'o'in juna yake tarawa, babu gardi a cikinsa. Da yara suka yi yawa sai malami ɗaya ya tsaya gaban taro, wanda aka bari baya ba mai waiwayarsa. Ga kuma farin 1973 da na 1984 sun rage abin da ke cikin rumbuna, riƙon ɗan wani ya yi nauyi. Mutane suka ce makaranta ta gwamnati ce, suka janye hannu.

Komowar hannun jama'a ta biyo hanya biyu. Ta farko daga ƙasa ta taso: ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, da ɗaliban manyan makarantu masu koyar da ƙannensu lokacin hutu don jarrabawar WAEC da NECO da JAMB, da masu hali da ke biya wa marasa ƙarfi kuɗin jarrabawa. Bukatar wannan ta ƙaru tun 2015, sa'ad da JAMB ta koma kan kwamfuta ɗungum, alhali yaron ƙauye sau da yawa bai taɓa sa hannu a kanta ba. Ta biyu daga sama ta sauko: bayan dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 aka umurci kowace makaranta ta kafa kwamitin jama'a, mai ƙunshe da mai gari da limami da iyaye maza da mata da tsofaffin ɗalibai, shirin ESSPIN na taimakon Ingila kuma, wanda aka fara a 2008, ya yi aikin horar da irin waɗannan kwamitoci a Jigawa.

In mun auna da murhun nan namu, za mu ga an mai da duwatsu biyu, na ciyarwa da na shaida, ko da yake ba su zauna daram ba. Na farko ne har yanzu bai koma wurinsa ba. Darasin 'yan makonni gab da jarrabawa bai kai riƙon gardi ba, wanda ke bin yaro shekara da shekaru, ya san harafin da ke kayar da shi. 'Yan mata kuwa ba su da ko abin gado a nan, domin tsarin gardi na maza ne, nasu sai an gina shi sabo.

Nan ne aikin malaman makarantun horo yake. Ɗalibin da aka tura gwajin koyarwa a Gagarawa ko Sule Tankarkar, kada a tsaya ga duba yadda ya tsara darasi. A koya masa ya haɗa ɗan aji shida da ɗan aji biyu, ya nemo 'yar sakandare ta riƙi 'yar firamare, ya kuma san sunan gidan da kowane yaro ke kwana. Ba sabon abu zai kawo wa mutanen wurin ba, abin kakanninsu ne zai tuna musu.