Yadda masana ke auna halayyar mai jinya da rubuta rahoto a Jos

Auna halayya shi ne matakin farko da masanin halayyar ɗan Adam ke ɗauka a asibiti kafin ya ce ga abin da ke damun mai jinya. Aikinsa ya bambanta da na likitan ƙwaƙwalwa, wanda ya karanta likitanci kuma yake rubuta magani. Shi masanin halayya yana aiki da tattaunawa da lura da gwaje-gwaje, sannan ya tattara abin da ya gano cikin rahoto.

A Jos, ana koyar da wannan fanni a sashen nazarin halayyar ɗan Adam na Jami'ar Jos, wadda ta tsaya da ƙafarta a 1975. Masu jinya kuma sukan je sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar. A birnin ne kuma Farfesa Isidore Obot ya kafa cibiyar CRISA mai binciken shaye-shaye a 1990. Rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010, da tashin bama-bamai a kasuwar Taminus a watan Mayun 2014, sun bar mutane da dama da firgicin da ba a gani da ido.

Hanyoyin aunawa

Hanya ta farko ita ce tattaunawa. Masanin zai tambayi yaushe matsalar ta fara, yaya barci da cin abinci, ko akwai shaye-shaye, ko tunanin halaka kai ya taɓa zuwa. Idan mai jinya ya yarda, akan ji ta bakin iyaye ko miji ko mata.

Ta biyu ita ce lura da abubuwa uku a jere: abin da ya gabaci halin, halin kansa, da abin da ya biyo baya. Misali, wata mata ta ji tayar mota ta fashe a titi, sai ta koma gida ta kulle ɗaki, yara kuma suka karɓi cefane. Ta sami sauƙi a ranar, amma sauƙin ne ke ƙara mata gudun kasuwa. Gano wannan jeri shi ke nuna inda za a sa hannu.

Ta uku ita ce mai jinya ya riƙa lissafa wa kansa sau nawa abin ya same shi a mako, da lokaci da wurin. Wanda bai yi boko ba yakan rubuta da ajami, ko wani na gida ya rubuta masa.

Ta huɗu ita ce takardun gwaji masu maki. Gwajin PHQ-9 na da tambayoyi tara kan makonni biyu da suka wuce, makinsa daga 0 zuwa 27. AUDIT na Hukumar Lafiya ta Duniya na da tambayoyi goma kan shan barasa. Akwai kuma ma'aunin damuwa da Aaron Beck ya fitar a Amurka a 1961.

Matsalar harshe

Yawancin waɗannan gwaje-gwaje da Turanci aka tsara su, don mutanen wata al'ada. A Jos kuwa, Birom da Anaguta da Afizere da Angas da Fulani galibi da Hausa suke yi wa ma'aikacin asibiti bayani, ita ma Hausar ba harshen gida ba ce ga da yawansu. Kalmar "damuwa" kaɗai na iya nufin baƙin ciki mai tsanani, ko fargaba, ko rashin kuɗin makaranta.

Haka kuma mutane da yawa da jiki suke faɗin ciwon zuciya: zafi a tsakar ka, faɗuwar gaba, jin wani abu na yawo a cikin fata. Wannan ne ya sa Farfesa Peter Ebigbo ya tsara ma'aunin Inugu, wanda ke tambayar irin waɗannan koke-koke kai tsaye. Ƙa'idar fassara gwaji ita ce wani ya mayar da shi Hausa, wani dabam ya dawo da shi Turanci ba tare da ya ga na asali ba, sannan a gwada shi a kan jama'a. Ko bayan haka, maki kaɗai ba ya yanke hukunci.

Tsarin rahoto

Rahoton kan fara da wanda ya turo mai jinya da tambayar da yake neman amsarta. Sai tarihin matsalar, da abin da masanin ya gani da idonsa, da gwajin da aka yi da harshen da aka yi shi, da ko an yi amfani da tafinta. Daga nan sai fassarar sakamako, da shawarwari, da kwanan wata da sa hannu.

Rahoto nagari yana faɗin abin da aka gani, ba ya laƙaba suna. Maimakon "yaron fitinanne ne", sai a rubuta cewa ya tashi daga kujerarsa sau shida cikin minti ashirin. Ana kuma raba abin da mai jinya ya faɗa da abin da dangi suka faɗa da abin da masanin ya fahimta.

Dalilin wannan taka-tsantsan shi ne takardar kan yi tafiya. Tana iya isa kotu, ko makaranta, ko wurin aiki, kuma kalma ɗaya da aka rubuta da ganganci na iya hana mutum aure ko aiki. Saboda haka ba a miƙa rahoto ga kowa sai da yardar mai shi, in ban da umarnin kotu ko inda rai ke cikin haɗari.

Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tanadi kare haƙƙi da mutuncin masu wannan lalura. Mai jinya na iya neman a karanta masa abin da aka rubuta a kansa, a kuma yi masa bayani da harshen da yake ji.