Heinrich: Sunan Bajamushe da Ya Sauka a Gwandu

Heinrich sunan namiji ne daga tsohon harshen Jamusawa. Ingila ta mai da shi Henry, Faransa Henri, Sifaniya kuwa Enrique. Da wuya a ji shi a taron suna a Cheberu ko Kalgo, amma ƙasar Gwandu ta taɓa saukar da wani mai shi, kuma saukar ta bar tarihi.

Masana sun ɗan saɓa kan asalinsa. Mafi yawansu sun ce kalmomi biyu ne aka haɗa: "heim", wato gida, da "rich", mai mulki ko mai ƙarfi. Wasu sun kai shi ga Haganrich, inda "hagan" ke nufin shinge. Maganar farko ta fi ƙarfi, kuma ko an ɗauki ta biyun ba a yi nisa ba, domin shinge gida yake kewayewa. Da Hausa dai maigida ke nan. Sarauta ce ta yaɗa shi, tun daga Heinrich na Ɗaya da ya hau gadon mulki a ƙasar Jamus a 919, har sarakuna takwas na Ingila.

Littattafan sunaye na zamani kan jingina wa mai sunan son shugabanci, natsuwa da riƙon gida. Wannan fassarar ma'ana ce kawai aka mayar hali. Bahaushe ya ce suna linzami, amma in zai auna suna, takwara yake dubawa.

Takwaran da ya shafe mu shi ne Heinrich Barth, haifaffen Hamburg a 1821, wanda ya taso daga Tarabulus a 1850 da yawun gwamnatin Ingila. Ya iya Larabci, ya koyi Hausa a hanya, ya kuma raɗa wa kansa Abdulkarim. Da wannan sunan aka san shi a Kano a 1851, da shi ya gaida Sarkin Musulmi Aliyu Babba a 1853. A watan Mayu na shekarar ya iso Gwandu, zamanin Sarki Halilu ɗan Abdullahi Fodiyo. Halilu, mutumin ibada da keɓewa, bai yarda sun haɗa ido ba, ko da yake an ba baƙon takardar izinin wucewa.

A nan ne halin Barth ya fito. Wani malamin garin ya ara masa Tarihus Sudan, rubutun hannu kan Tambutu da daular Songhai. Barth ya duƙufa kwana da kwanaki yana kwafar abin da ya iya kafin ya mai da littafin, ya aika abin da ya kwafa Turai. Ya yi kuskure ɗaya: ya ɗauka Ahmad Baba ne mawallafin, alhali Abdurrahman al-Sa'adi ne. Duk da haka, ta hannun malamin Gwandu ne Turawa suka fara karanta wannan littafi, abin da ba a cika faɗa ba.

Daga Gwandu ya bi ta Birnin Kebbi, ya kai Tambutu a watan Satumba. Ya koma Turai a 1855 tare da wani yaro Bahaushe mai suna Dorugu, ya wallafa labarin tafiyarsa cikin juzu'i biyar, ya rasu a Berlin a 1865.